Rami 11 saboda sandar labule ɗaya

Sau biyu na kafa sandar labulen tagar ɗakinmu. Na farko bai ci minti arba'in ba, kwana uku kuma ya yi a bango. Na biyu ya cinye mini yini guda cur, shi ne yake nan har yau.

Tagar ba wata babba ba ce. Faɗinta santimita 150, samanta kuma yana santimita 210 daga ƙasa. Da can wata 'yar waya ce aka ɗaure tsakanin ƙusa biyu ana rataya yadi a kai, tsakiyarta ta yi ciki kamar igiyar shanya. Ranar da mai ɗakina ta samo sabon labule mai kauri, irin mai shafi biyu da ke tare hasken rana, mai zobban ƙarfe a sama, ko ba a faɗa ba an san wayar nan ta gama aiki. Sai na kawo sandar ƙarfe, irin wadda siririya ke shiga cikin mai kauri, a ja ta a ƙara tsawo daga santimita 120 har 210. A kwalinta akwai mariƙai uku da ake ce wa biraket, da ƙwallo biyu na ado da ake toshe bakin sandar da su, da ɗan alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen matse ƙananan noti, da wata 'yar leda mai noti shida da fisha shida. Fisha ita ce 'yar robar nan da ake cusawa a ramin bango kafin a ɗaura noti.

Na ari injin huda bango a wurin maƙwabcina, na hau kujera, na auna santimita 15 daga gefen taga hagu da dama. Lissafin tsayi dai na yi shi daidai, a nan kam ba zan ƙi yabon kaina ba. Labule mai zobba ba daga can ƙarshen samansa ake auna shi ba, daga cikin zoben ne, wurin da zai zauna a kan sanda, zuwa kalmasar ƙasa. Nawa ya ba ni 226. Na ƙara santimita 1 don kada ya riƙa sharar ɗaki, ya zama 227, wato santimita 17 sama da taga. Maimakon in auno daga ƙasa, sai na bi hanya mai sauƙi, na auna 17 ɗin daga saman firam ɗin taga a kowane gefe, na ɗiga fensir.

A gefen dama injin ya yi ta kuka yana girgiza ni har kafaɗa, ramin yana tafiya da ƙyar. A hagu kuwa kamar ana huda sabulu. Kafin in ce me, bakin injin ya faɗa ciki fal, hannuna ya kusa dukan bango. Da na ɗauko fisha, da ɗan yatsa kawai na tura ta ta shige, har tana rawa a ciki. Zuciyata ta ɗan yi magana, na ce mata ta yi shiru. Notin ya yi ta juyawa bai kama ba, sai na karya tsinken ashana uku na cusa a gefen fishar, na sake ɗaurawa har na ji kamar ya ɗan cije. Biraket na tsakiya kuma na mayar da shi kwali. Na ce sandar ƙarfe ce, me zai lanƙwasa ta?

A safiya ta huɗu mai ɗakina ta ja labulen don ta buɗe taga, sai na ji ƙara daga inda nake kamar an yar da faranti. Na tarar da ita tsaye riƙe da gefen labule, sandar ta soki ƙasa ta hagu, biraket yana lilo a jikinta da noti biyu da fisha biyu da tsinken ashanata, ga wani ɓangaren filasta kamar tafin hannu ya ɓantalo ya tarwatse a ƙasa. Allah ya kiyaye, ba a kanta ya sauka ba.

"Maigida, ai ban ma ja da ƙarfi ba," in ji ta.

Na san ba ta ja da ƙarfi ba. Na tsugunna na ɗauki notin na auna shi da tef: santimita 3. Na auna kaurin filastar da ta faɗo: kusan santimita 2. Biraket kansa ya ci milimita 3. Ashe abin da ya isa jikin bulo bai kai santimita 1 ba, shi ma a ramin da ya riga ya yi wa fishar yawa. Labulen nan kwana uku a filasta da fenti yake rataye, ba a bango ba.

Na kira kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana aikin gini kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na zayyana masa komai, ina ta ɗora laifi a kan kamfanin da ya zuba gajerun noti a kwali. Ya bar ni na gama.

"To me ka huda?"

"Bango, Kawu."

"Na san bango ne, ai ba ruwa ka huda ba. Ƙurar da ta fito wace iri ce? Ta dama da ta hagu ɗaya ce?"

Sai a lokacin na tuna. Ta dama toka-toka ce mai duhu, mai laushi, tana fitowa kaɗan-kaɗan. Ta hagu ta fi haske, yashi-yashi, tana zuba da yawa.

"Ɗana, bango biyu ka huda kana zaton ɗaya ne," ya ce. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa yaran aikinsa da. Kowace taga da ƙofa akwai linta a samanta, wato kankaren da aka zuba da rodi a ciki don ya ɗauki nauyin ginin da ke sama. Lintar takan wuce faɗin taga ta hau kan bulo hagu da dama, amma ba kullum magini ke daidaita wucewar ba. A tagata ta dama ta yi nisa, ta hagu ta tsaya kusa. Saboda haka biraket ɗin dama a kankare ya zauna, na hagu kuma ya faɗa kan bulo mai rami a ciki, wanda fatarsa ba ta wuce 'yan santimita ba sai iska. Kankare yana son a kunna wa injin hama, wato wannan bugun da yake yi yana juyawa. Bulo mai taushi kuwa hama farfasa shi take yi, ta buɗe ramin fiye da bakin da aka sa, ta kuma ɓalle bayan fatar daga ciki. Ni kuwa ban ko kalli ɗan makunnin da ke saman injin ba, mai hoton guduma a gefe ɗaya da hoton bakin huda a ɗayan. A inda na tarar da shi na bar shi.

"Kafin ka sake taɓa injin nan, ɗauki bayan sukudireba ka ƙwanƙwasa bangon tun daga taga har waje. Kunnenka zai gaya maka inda linta ta ƙare."

Haka kuwa aka yi. A kan linta sautin gajere ne, tak-tak, ba ya amsawa. Da na wuce kamar santimita 10 daga gefen taga ta hagu sai ya koma kwam-kwam, kamar ana buga akwati. A dama har na wuce santimita 25 bai canja ba. Minti biyu abin ya ɗauka.

Akwai abin da na zauna na yi tunani a kansa da kaina a daren, domin ya dame ni yadda labulen da bai fi kilo huɗu da sandarsa ba zai fizge noti daga bango. Ƙusa ɗaya ai tana ɗaukar agogon bango shekaru. Bambancin shi ne agogo a manne yake da bango, nauyinsa ƙasa kawai yake ja. Biraket kuwa hannu gare shi, ya miƙo santimita 10 daga bango, nauyin yana can ƙarshen hannun. Ƙasan farantin biraket yana danna bango, samansa kuma yana neman barin bango. Daga notin sama zuwa ƙarshen farantin ta ƙasa santimita 5 ne a nawa. Ke nan duk kilo ɗaya da ya sauka a kan sanda, kamar kilo biyu ne ke jan notin sama waje, kai tsaye, yadda ake zare ƙusa da bayan guduma. A ƙara da fizgar da ake yi wa labule safe da yamma, da yaro in ya kama shi ya miƙe tsaye. Notin ƙasa kusan ɗan rakiya ne. Duk aikin a wuyan na sama yake, shi kuma ba shi da abin dogaro sai yadda fisha ta cije ramin.

Ita fishar dabararta mai sauƙi ce. Tsagaggiya ce a tsaye, idan noti ya shiga sai ya buɗa ta, ta matse jikin ramin ta kowane gefe. Wani Baturen Ingila, John Joseph Rawlings, shi ya fara yin irinta wajen 1911, da zaren rama aka yi tasa. Ta roba mai haƙora da muke gani yanzu wani Bajamushe ne, Artur Fischer, ya fito da ita a 1958, daga sunansa kuma kalmar fisha ta samo asali. Kafin su, abin da magina ke yi shi ne su sassaƙa rami su buga guntun katako a ciki, su ɗaura noti a katakon. Ko wace iri ce dai, sharaɗinta ɗaya: ramin ya zama daidai jikinta, har sai an ɗan buga ta da guduma kafin ta shige. Fishar da ta shiga da turin yatsa ba ta da wurin da za ta matsa. Tsinken ashana kuma cika wuri kawai yake yi, ba ya riƙe komai.

Na ajiye ledar kwali gefe. Na nemo fisha mai kaurin milimita 8 da tsawon 40, irin wadda in ta sami rami a bayanta take dunƙulewa ta yi ƙulli, in kuma ta sami kankare ta buɗe kamar kowace. Na haɗa da noti mai kaurin milimita 5 da tsawon 50. Lissafin tsawon noti shi ne tsawon fisha, a ƙara kaurin abin da za a ɗaure, a ƙara kaurin notin kansa, don tsininsa ya fita ta ƙarshen fishar. In bai fita ba, ba za ta buɗe duka ba, ƙullin ma ba zai yiwu ba. Na tafi da biraket ɗaya a aljihu don in gwada notin ya wuce ramin farantinsa, kuma ya wuce. Na samo bakin huda kankare lamba 8, mai ɗan faffaɗan kai kamar kibiya, da ƙarami lamba 5 na fara hanya. Bakin huda katako ko ƙarfe ba ya yin wannan aikin, dakushewa yake yi nan take.

Ranar aikin na fara da abin da ban yi ba a karon farko, wato duba ko akwai waya a cikin bangon. Masu aikin lantarki sukan bi da waya a miƙe, sama ko gefe daga soket da makunni. Akwai soket ɗaya a ƙasan tagar ta hagu. Na auna, layinsa in an miƙe sama yana santimita 40 daga gefen taga, nesa da inda zan huda. Duk da haka na kashe wutar ɗakin, na jawo wa injin wuta daga wani ɗaki da doguwar waya. Kujera ma na sallame ta na ɗauko tsani, domin mutum ba ya iya danna inji da ƙarfi yana miƙa hannu sama da kansa, kuma ramin karkacewa yake yi.

Tsoffin ramukan hagu sun zama kwari, ba sa amfanuwa. Kawu ya ce in nisance su da aƙalla yatsu uku, saboda bulon da ke kewaye da su ya riga ya jijjiga. Sai na matsar da biraket zuwa santimita 20 daga gefen taga, na yi haka a dama ma don su yi daidai. Wannan ya zo da riba: idan an tattare labule gefe, yanzu kusan duk tarinsa a kan bango yake tsayawa, ba a kan gilashi ba, haske ya fi shigowa. Tsakanin biraket biyu na gefe ya zama santimita 190, sandar kuma na ja ta zuwa 200, santimita 5 na leƙowa kowane gefe don zobe ɗaya da ƙwallon ado.

Sai maganar daidaito, wadda ta fi komai cin lokaci. Ina da ɗan lebul na magina, mai ƙwayar iska a cikin ruwa, amma tsawonsa santimita 40 ne kacal. In za a ja layin mita biyu da shi sai an ɗaga an sake ajiyewa sau biyar, kuskuren milimita 1 a kowace ajiya ya taru ya zama rabin santimita. Kawu ya ce in bar shi, in nemo farin tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, kamar mita huɗu. Na cika shi da ruwa ban kai baki ba, na kaɗa shi har kumfar iska ta fice duka, domin kumfa ɗaya tana ɓata awon. Ruwa a tiyon da bakinsa biyu ke buɗe, duk yadda aka lanƙwasa shi, a tsayi ɗaya yake tsayawa a ɓangarorin biyu. Na auno 227 daga ƙasa a dama na ja ɗan layi. Mai ɗakina ta riƙe baki ɗaya a wurin, tana ɗagawa tana saukewa har saman ruwan ya zauna kan layin, ni kuma ina hagu a kan tsani da ɗaya bakin.

"Ya tsaya?"

"Dakata, Maigida, yana rawa tukuna... To, yanzu."

Na ɗiga fensir daidai saman ruwan. Muka yi haka a tsakiya ma. Da na sauko na gwada sabon layin da tsoffin ramuka, sai ga shi na hagu sun fi na dama ƙasa da santimita 1 da ɗoriya. Firam ɗin tagar ne a karkace, ni kuma na kwafi karkatarsa na kai wa sanda. Shi ya sa kwana ukun nan labulen yake ɗan zamewa hagu da kansa, ina cewa iska ce.

Layin nan na saman sanda ne, ba na noti ba, wannan ma wuri ne da mutum zai iya tafka kuskure. Na ɗora sanda a kan biraket a ƙasa na duba inda samanta yake faɗawa a jikin farantin, na yi wa farantin alama, sannan na kai shi bango na daidaita alamar da layin, na sa tsinin fensir a ramukansa biyu.

Da dama na fara, kuma da gangan. Kawu ya ce kullum a fara huda wuri mafi taurin kai, domin shi ne zai iya tilasta maka canja awo, sauran sai su bi shi. Na naɗa salatif a jikin bakin huda daidai santimita 5 daga tsini, don in san inda zan tsaya, tunda ana son rami ya fi fisha zurfi da kamar santimita 1. Na manna buɗaɗɗen ambulan a ƙasan alamar ya tari ƙura, na sa tabarau. Na ɗan buga ƙusa a kan ɗigon fensir don bakin ya sami wurin zama, na fara da lamba 5 ba tare da hama ba har na wuce filasta, sannan na kunna hama.

A wajen santimita 4 injin ya tsaya cak. Kukansa ya canja ya koma siriri, bakin ya yi zafi, ƙura ta daina fita. Na ƙara danna shi, ko gezau. Da na zaro na haska fitilar waya a ramin, sai wani abu yana ƙyalli a can ciki. Rodi.

Na sake kiran Kawu, ina tambaya ko in matsa gefe kaɗan.

"Gefe ina? Rodin linta a kwance yake, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ka matsa gefe shi za ka sake tararwa. Sama za ka yi ko ƙasa. Kuma kada ka kuskura ka ce za ka huda shi, shi ke riƙe da ginin da ke kan tagarka."

A karon farko gajerun ramukana ba su kai gare shi ba, shi ya sa ban san yana wurin ba. Yanzu zaɓi biyu ne: in sauka santimita 2 labule ya kwanta a ƙasa, ko in hau santimita 2 ya ɗage santimita 3 daga ƙasa. Ni na fi son ya sauka, ina ganin ya fi kyau a ido. Mai ɗakina ta ce ita ke share ɗakin nan, ba za ta riƙa ɗaga labule kullum tana wanke bakinsa duk mako ba. Aka hau sama. Tsakanin ramukan biraket santimita 4 ne, don haka rodin ya faɗa daidai tsakaninsu, ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa. Da na fara da hagu mai taushi, da yanzu ina da wasu ramuka biyu na banza.

Na ɗaga duk alamomin uku da santimita 2, na sake hudawa. Wannan karon ya tafi lafiya. Kankare ba ya son gaggawa: a danna daidai, a riƙa zaro bakin lokaci-lokaci yana juyawa don ya fitar da ƙura ya kuma sha iska. Bayan lamba 5 na bi da lamba 8. Kowane rami sai da na hure shi da guntun tiyon nan, ido a rufe, saboda ƙurar da ta kwanta a ciki tana hana fisha kaiwa ƙarshe, tana kuma sa ta zamewa. Na sa fisha, ta shiga rabi da hannu ta tsaya, na ƙarasa ta da guduma a hankali har ta yi daidai da fuskar bango. Na ɗaura notin sama ban matse ba, na ɗora ɗan lebul a gefen biraket ya tsaya a miƙe, sannan na ɗaura na ƙasa, na koma na matse duka biyun da sukudireba na hannu. Da hannu mutum yana jin lokacin da noti ya kama. Inji ba ya ji, yakan wuce ya cinye cikin fishar.

A hagu na kashe hama tun daga farko. Ramin ya ɗauki lokaci fiye da na ranar farko, amma ya fito zagayayye tsaf, bakinsa bai ɓare ba. Na sama ya sake faɗawa cikin ramin bulo, na ƙasa kuma ya dace da wuri mai cika. Da nake ɗaura na saman, da farko ya yi sauƙi har gabana ya faɗi, na ce an koma gidan jiya. Na ci gaba da juyawa, sai na ji ya fara nauyi, yana ƙara nauyi, har ya tsaya ƙam. Fishar ce ta dunƙule a bayan fatar bulon. Na rataya hannuna a kan biraket na ja ƙasa da ƙarfin da ya fi na kowane labule, bai motsa ba.

Kafin in huda na tsakiya sai na ɗora sandar a kan na gefe biyu don in gani. Tun ba labule ma tsakiyarta ta ɗan sunkuya, daidai wurin da siririyar ke shiga mai kauri. Wannan mahaɗar ita ce lagon irin wannan sanda, kuma yadda aka ƙara jan ta haka take ƙara rauni. Biraket ɗin da na raina na mayar kwali, wurinsa ke nan. Akwai ɗan abin lura: in ya faɗa kan siririn ɓangaren, sai ya bar ɗan gibi tunda na gefe ɗaya yana ɗauke da mai kauri. Na juya sandar yadda mai kaurin zai wuce tsakiya kaɗan ya zauna a kan biraket, a ƙarshen siririn kuma na sa ɗan zoben roba da ya zo a kwalin, wanda a ranar farko ban san amfaninsa ba har na kusa zubar da shi. Ɗan lanƙwasar da sandar ta samu ranar da ta faɗi na miƙar da shi a kan gwiwa, na juya shi ya kalli sama.

Zura labule ba wuya. Zobbansa takwas ne kowane ɓari, a shiga na farko ta gaba, na biyu ta baya, haka har ƙarshe, yadda gefunan biyu za su juya su kalli bango. Zoben ƙarshe na kowane gefe na bar shi a wajen biraket, tsakaninsa da ƙwallon ado, don in an ja labule zuwa tsakiya gefensa ya tsaya a wurinsa. Na matse ƙananan notin da ke ƙarƙashin kowane biraket da alanki don sanda ta daina zamewa, na sa ƙwallayen.

Muka koma bakin ƙofa muka tsaya muna kallo. Shiru na ɗan lokaci.

"Maigida, kamar fa ta karkace."

Na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Na ɗauko tiyo muka sake gwadawa a kan sandar kanta: daidai take, ko milimita 2 babu tsakani. Na hau tsani na auna daga sanda zuwa silin: dama 41, hagu 42 da rabi. Silin ne ya karkace, ido kuma da layin da ya fi kusa yake gwada abu. Akwai masu cewa a irin wannan a raba bambancin biyu, a ɗan bi silin don ido ya huta. Da sandar tana dab da silin da na yarda da su. Amma tana da nisa da shi, ƙasan ɗakin kuma da muka gwada a daidai yake, kalmasar labulen tana tafiya da shi santimita 3 daga wannan gefe har wancan. Na ce ba zan ƙara huda rami ko ɗaya a bangon nan ba. Ta ce ita ma ba ta ce a huda ba, faɗa kawai ta yi.

Da la'asar na kwaɓa ɗan siminti da yashi mai laushi, na jiƙa tsoffin ramukan da ruwa don ya kama, na cike su: huɗu na ranar farko da ɗaya na rodi. Fisha biyu da suka rage a dama na ɗan ɗaura musu noti na zaro su da filaya. Kwarin hagu sai da na yi masa shafi biyu, na biyun washegari. Bayan ya bushe na shafa ragowar fentin da na samu a gida, wanda ya fi na bangon haske kaɗan saboda na bangon ya sha shekaru. Labule ya rufe huɗu daga ciki ko a buɗe yake ko a rufe. Na biyar, babban na hagu, idan aka tattare labulen sosai gefensa yana ɗan leƙowa ta saman zobe na biyu. Mai ɗakina ta ce ba ta ganinsa. Ni daga kan gado nake hango shi kowace safiya.